Ranar da Inna Ta Zama Inji

Yaran yanzu masu shafa waya da yatsa gani suke kamar a kansu aka fara yi wa inji magana. To, ba a kansu aka fara ba. Tun kafin a haifi iyayensu, cikin shekarun da Turawa ke haɗa komatsansu za su tafi, akwai wani mutumin Bebeji, Malam Shitu, wanda aikinsa ke nan a wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano: ya gaya wa inji abin da zai yi.

Injin ƙato ne, ya kusa cinye ɗaki guda. Katuna ake zuba masa, kowane kati da hujinsa, a gefensa kuma akwai allo mai ramuka da ake soka wa wayoyi. Yadda ka soka wayoyin nan, haka injin zai bi: ya ɗauki kati, ya duba inda hujin yake, ya tura shi nan ko can, ya sake ɗauko wani. Shitu yakan ce injin nan ba shi da hankali ko irin na kaza, amma ba ya mantuwa, kuma ba ya yi wa kowa kara. Abin da ka faɗa shi zai yi. Abin da ka bari a cikinka kuwa, ya bar maka kayanka.

A shekarar 1957 kamfanin ya sayo inji na biyu, manaja ya ce a nemo samari biyu 'yan ƙasa da za a koya wa aikin. Ya bar wa Shitu zaɓi, don ya riga ya ga takardar makaranta ba ta nuna wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Shitu ya ce shi gida zai je nema. Ya aika wa abokinsa na ƙuruciya, Malam Sunusi, hedimastan elementare ta Bebeji, ya tara masa samarin da suka gama makaranta daga nan har Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Akwai suna ɗaya da yake so ya ji a cikinsu, amma bai faɗa wa Sunusi ba, don sunan ba ya fita daga bakinsa.

Ɗansa ne na fari. Sunan yankansa Jibrin, sunan mahaifin Shitu, shi ya sa gari duka ke kiransa Ubale. Uwarsa Luba ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, sai kakarsa, Inna, mahaifiyar Shitu, ta goya abinta. A wancan zamanin kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka cin abinci akushi ɗaya da shi. Shitu kuwa ya riƙe abin har ya fi masu abin riƙewa. In ya zo hutun Sallah ya sayo hula da takalmi, Inna yake miƙa wa ya ce, "A ba wa yaron nan." Yaron ya zo ya tsugunna a bakin ƙofa ya gaishe shi, ya ɓace. Haka ya girma har ya fara gemu, Shitu bai taɓa jin ya haɗa masa magana mai kai da gindi ba. Yana son yaron nan so mai ciwo, kuma a ransa ya gama lissafi: in yaron ya ci jarrabawa, zai tafi da shi Kano, su zauna ɗaki ɗaya gaban inji ɗaya, ko ba sa magana dai yana ganinsa.

Ya iso gida damina ta fara ja da baya, dawa ta yi kai tana rangaji a bakin hanya. Mota ta sauke shi a titin Zariya, ya ƙarasa a keken haya yana amsa gaisuwa hagu da dama. Bebeji ta wancan lokacin gari ne da in baƙo ya sauka da safe, kafin azahar an san launin rigarsa a kowane lungu.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiyar makaranta. Samari suka zo da fensir a kunne, suna jiran a ba su lissafi mai tsawo. Sai ga Shitu ya fito da ƙwarya cike da goro, ja da fari a gauraye, da faifai biyu. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Daga yanzu ni ba Malam Shitu ba ne," ya ce. "Inji ne. Ina so jan goro ya koma faifan dama, fari ya koma na hagu. Kowa zai gaya mini yadda zan yi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya rufe baki. In ka rufe baki, babu ƙari, babu gyara. Abin da ka faɗa shi zan yi."

Samari suka kalli juna. Wannan kuma wace irin jarrabawa ce? Ai ko yarinya mai talla ta iya.

Idi, ɗan Kiru, mai farar riga da guga, shi ya fara. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ware su kawai." Shitu ya zauna kamar turmi. Aka jira, aka jira. Can ya ce, "Inji bai san ware ba. Na gaba."

Ɗantani na Tudun Wada ya ga inda ɗan'uwansa ya faɗi, ya ce shi ba zai faɗi nan ba. "Malam, ka ɗauki goro, ka sa a faifai, ka yi ta yi har ya ƙare." Shitu ya kwashe goron nan ɗaya bayan ɗaya ya tara shi duka a faifai guda, ja da fari, ya ɗago ya dube shi. Ɗantani ya buɗe baki zai yi gyara, Sunusi ya ɗaga masa yatsa.

Haka aka yi ta faɗuwa, 'yan kallo suna ƙaruwa, har masu dawowa daga gona suka jingine fartanya suka tsaya. Wanda ya ɗan taɓuka shi ne Hamman, wani siririn Bafulatani da ya taho tun daga duwatsun Doguwa. Ya faɗi komai dalla-dalla, ɗauki, duba, ajiye, sake ɗauka, sai dai ya manta bai ce yaushe za a daina ba. Goro ya ƙare, Shitu ya ci gaba da ƙwaƙular ƙwarya, yana ɗauko iska yana dubawa yana ajiyewa, fuskarsa ba alamar wasa. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Hamman ya sunkuyar da kai ya ɗauka ya faɗi, amma Shitu a ransa ya riga ya ɗauke shi. Wanda ya manta abu ɗaya ana iya koya masa. Saura gurbi guda.

"Akwai na ƙarshe," in ji Sunusi, yana kallon sama kamar mai neman tsuntsu a reshe.

Ubale ya fito daga bayan mutane. Dogo ne, ya fi uban tsawo, sanye da hular Sallar bara. Bai tsaya a tsaye kamar sauran ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsugunna a gefen tabarma, ido a ƙasa. Shitu ya dake. Ya mayar da goro ƙwarya ya ce wa iska, "Bismilla."

Shiru.

"Yi magana mana," in ji Sunusi. "Kai da na sani."

Ubale ya buɗe baki. Muryarsa ta fito can ƙasa. "Ai Baba ya fi ni sanin yadda ake yi."

"Ba babanka ba ne yanzu, inji ne. Ba shi umarni."

Yaron ya ɗan ɗago, idonsa ya tsaya a kan ƙafar uban, bai wuce nan ba. "To... in Baba ya ga dama..." Ya tsaya. Ya sake gwadawa. "Ko da za a ɗan..." Nan ma maganar ta mutu. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Inna zai dubi ubansa a gaban jama'a ya ce masa ɗauki, ajiye, tsaya? Ai gara a ce ya haɗiye goron da ƙwaryar.

Shitu ya jira fiye da yadda ya jira kowa. Da ya ga jiran ya fara zama son kai, ya ce, "Inji bai ji komai ba." Ya tashi ya kaɗe riga. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma bai san da wa zai yi fushin ba, tunda abin da ya kayar da yaron shi ne abin da shi kansa ya shekara da shekaru yana ginawa.

Bayan la'asar yana zaune a zauren gidansu shi kaɗai, ya tasa ƙwaryar a gaba, sai ya jiyo murya daga cikin gida, murya mai ƙarfi, cike da iko.

"Tsohuwa, ba haka ba! Riƙe bakin buhun da hagu. Hagu na ce, ko kin ba da aronta ne? Yauwa. Yanzu ki ɗaga gindin. A hankali, ba tuwo kike tuƙawa ba. In ya kai wuyan tulun ki tsaya, kada ki jira sai ya zube ki ce mini ba ki gani ba."

"Kai Maigida, ka cika mulki," aka amsa cikin dariya. Inna ce. Maigida take kiransa, tunda sunan mijinta ya ci. "Wancan Jibrin ɗin ma bai juya ni haka ba."

"Shi ya sa kika lalace. Ɗaga."

Wake suke juyewa a tulu. Shitu ya kasa kunne kamar ɓarawo. Bai taɓa jin muryar nan ba. Ashe haka yaron yake magana, ashe yana da baki, har da barkwanci. Kuma ga shi komai a jere, abin da za a fara, abin da zai biyo, da inda za a tsaya. Wasan jika da kaka ya buɗe abin da kunyar uba ta rufe. Sai da ya ji Ubale ya fita ta ƙofar baya wajen awaki, sannan ya yi sallama ya shiga.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kaɗe ƙaiƙayi daga zaninta. Ta tsufa, amma idonta garau. Ya tsugunna ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Dokar jarrabawar ba ta ce lallai shi ne zai zama inji ba. Kowa zai iya zama, in dai zai yi abin da aka ce kawai.

"Ni zan zama ƙarfen?" in ji Inna.

"In kin yarda, Inna."

"In ya ci fa, sai me?"

"Sai Kano."

"Sai Kano," ta maimaita. Ta dubi tulun waken da suka cika tare da Ubale, ta dubi igiyar shanya da yaron ya ɗaure mata daidai tsawonta. Shitu, da yake idonsa na kan abin da yake so, bai kula da abin da take kallo ba. Can ta ce, "In dai bin umarninsa ne, ai tun yana rarrafe nake yi. Ka tara mutanenka."

Da safe aka shimfiɗa tabarma a zaure. Sunusi ya zo shaida, Hamman ya zauna a gefe. Don kada a ce ya yi wa ɗansa hanya, Shitu ya kira Idi da Ɗantani su ma su sake gwadawa, kowa ya jira a waje sai an kira shi. Ya kuma ƙara wa abin wuya ba tare da ya gaya wa kowa ba: ya jefa namijin goro guda a cikin ƙwaryar, wanda ba ja ba ne ba fari ba.

Inna ta fito da mayafinta ta zauna, ta miƙe ƙafa. Wallahi injin Kano bai kai ta rashin kara ba. Idi ya gyara kuskurensa na jiya, abin yana tafiya, sai ta ɗauko namijin goron. Ta ɗaga shi sama, ta zuba wa Idi ido, ta ƙi motsi har ya fita da kansa. Ɗantani kuwa ya ce ta ɗauki goro, bai ce guda nawa ba, ta cika hannu biyu ta zauna tana kallon abin da ba shi da launi ɗaya.

Aka kira Ubale. Ya shigo ya tsugunna ya gaida manya. Da ya ga wadda ke gaban ƙwarya, sai kafaɗarsa ta sauka. Ya juya yadda uban zai koma bayansa, ya gyara zama.

"To amarya, buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Ki fara leƙa ƙwarya. In babu komai a ciki, ki naɗe hannu, kin gama. In da akwai, ki ɗauki ɗaya. Ɗaya na ce, ba rabon biki kike yi ba. Ki duba shi. In ja ne, faifan dama. In fari ne, faifan hagu. In kin ga abin da ba ja ba ne ba fari ba, ki ajiye shi a ƙasa gabanki, kada ki tsaya gardama da shi. Ba a ci, ba a ƙullewa a bakin zani, na san halinki. In kin ajiye, ki koma ki sake leƙa ƙwarya. Shi ke nan, na rufe baki."

Sunusi ya dubi Shitu, Shitu ya dubi ƙasa don kada a ga fuskarsa. Babu inda zai soka allura a maganar nan. Yaron ya sa leƙen ƙwarya a farko, abin da shi kansa sai da ya yi wata da watanni gaban inji kafin ya gane amfaninsa. Daɗi ya cika shi har ya ji kunya.

Inna ta fara. Ta leƙa, ta ɗauka, ta duba, ta ajiye. Da farko har da yanga take yi, tana karkaɗa kai kamar ƙarfe, Hamman yana toshe baki. Namijin goro ya zo, ta harare shi, ta ajiye shi a ƙasa, ta wuce. Faifai biyu suka fara tudu. Amma da ƙwaryar ta fara nuna gindi, sai wasan ya bar hannunta. Ta rage sauri. Kowane goro sai ta juya shi ta sake juyawa, kamar launin nasa yana da wuyar ganewa.

Ta ɗauko na ƙarshe. Fari ne tas, ko makaho ya shafa ya san fari ne. Ta dube shi, ta rufe hannu a kansa, ta ɗora hannun a cinya.

Ubale ya ɗan motsa, ya tuna ya rufe baki, babu ƙari babu gyara. Ya zuba mata ido, kuma daga yadda wuyansa ya sunkuya, Shitu ya gane yaron ya fahimci abin da ke faruwa tun kafin shi. Sai a lokacin Shitu ya tuna tulun wake da igiyar shanya. Goron nan in ya sauka a faifai, gidan nan ya zama na tsohuwa ita kaɗai da awaki. Shi ya zo ɗaukar ɗansa, bai taɓa tsayawa ya lissafa daga hannun wa zai ɗauke shi ba.

Sunusi ya yi masa raɗa. "Kai ne alƙali. Umarnin yaron daidai yake, injin ne ya tsaya. Ka ce ta ajiye."

Gaskiya ne. Kalma biyu ce, ki ajiye. Mutumin da ya kayar da samarin ƙasa guda saboda sun kasa ba da umarni ya buɗe baki, ya dubi uwarsa.

"Inna... in kin ga dama..."

Maganar ta mutu a nan, daidai inda ta yaron ta mutu jiya. Ubale ya waiwayo. Karon farko ke nan tun da aka haife shi da ya dubi ubansa ido cikin ido, kuma babu wanda ya kawar da kai a cikinsu.

"Wa ya ce muku injin ya tsaya?" in ji Inna. "Hannu ne ya yi sanyi. Ƙarfen naku na Kano ba ya tsufa ne?"

Ta miƙa hannu ta ajiye goron a faifan hagu. Sannan ta yi abin da aka ce mata. Ta jawo ƙwaryar ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa, alhali kowa yana ganin babu komai ciki sai guntun ganye. Ta ture ta gefe, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Na gama," ta ce.

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi barka. Sunusi ya tashi ya ce yana da aji, ya ja Hamman suka fita.

Injin nan yanzu ko ƙarfensa ba a samu, tsamiyar makarantar ma ta faɗi tuntuni. Ubale ya yi aikin har ya zama shi ke gwada wasu, kuma shi da uban sun zauna ɗaki ɗaya shekaru masu yawa, kamar yadda Shitu ya so. Amma abin da Shitu ya fi tunawa har tsufansa shi ne safiyar tafiyarsu. Sun ɗaure akwatin yaron a bayan keke, sun kama hanyar titi ta tsakiyar dawa, Hamman a gaba, Ubale a tsakiya. Da suka kai kwanar masallaci Shitu ya waiwaya. Inna tana tsaye a bakin zaure, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira kowa ba. Hannun nata yana naɗe a ƙirji.

Ya so ya ce wa yaron ya waiwaya ya dube ta. Amma dole sai ya kira sunansa kafin yaron ya juyo, sunan kuwa ba ya fita daga bakinsa. Suka sha kwana.